Jini Ɗaya, Maki Biyu: Wace Hanyar Gwajin Hanta Za A Zaɓa?

Likitan hanta ba ya ganin hantar da yake yi wa magani. Abin da ke zuwa gabansa takarda ce mai lambobi, sai ya zuba su a lissafi ya fitar da maki, makin nan kuma shi zai ce a fara shan magani ko a dakata, a yi aiki ko a fasa, a sa mutum a gaban layin dashen hanta ko a bar shi a baya. Waɗannan lissafe-lissafe, wato APRI, FIB-4, Child-Pugh, ALBI da MELD, duk an ɗora su ne a kan zato guda, cewa idan wannan ɗakin gwaji ya rubuta albumin 30, wancan ma 30 zai rubuta. Sau da yawa zaton ba ya tabbata. Wanda ya taɓa awon gero a kasuwanni biyu ya san sunan mudu ɗaya ne amma cikinsa ba ɗaya ba ne, haka hanyoyin awon jini suke.

Kusan duk abin da ke shiga waɗannan lissafe-lissafe yana da hanyar awo biyu ko uku da ake aiki da su a yau, kowace da gefen da take karkata. Mai ɗakin gwajin da zai sayi sinadarai yana da zaɓi a gabansa, likitan da zai karanta sakamako yana da nasa, majinyacin da zai kai jininsa ma haka. Zan fi daɗewa a inda kuskure ya fi ɓarna.

AST da ALT: hanyar launi ko hanyar kainetik

AST da ALT sinadarai ne da ke malalowa cikin jini idan ƙwayoyin hanta sun ji rauni. Da su na fara domin su suka fi taɓa mu. Binciken ƙasa na NAIIS da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Kaɗan ne daga cikinsu za su kai ga na'urar FibroScan mai auna taurin hanta. Abin da ke hannun likitansu shi ne APRI, lissafin da aka fitar a Jami'ar Michigan a 2003: a raba AST da iyakar sama ta ɗakin gwajin, wato lambar da ake sa ran lafiyayyen mutum ba zai wuce ba, a raba abin da ya fito da adadin filatilet, ƙwayoyin nan da ke fara toshe rauni, sannan a ninka sau 100. A ƙa'idojinta na 2015, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki APRI sama da 2 a matsayin alamar hanta ta riga ta ƙanƙance. A 2024 ta sauko da layin sosai: sama da 0.5 ya isa dalilin fara magani, sama da 1 kuma a ɗauka ƙanƙancewar ta samu. Tunda layin ya dawo 0.5, ɗan bambancin da a da ake wucewa ta kansa yanzu shi ke raba wanda zai sami magani da wanda za a ce ya tafi gida.

Hanyoyi biyu ne ake gani. Ta farko ita ce ta Reitman da Frankel, tun 1957. Ana haɗa ruwan jini da sinadari, a ajiye kwalbar cikin ruwan ɗumi mai digiri 37 har rabin awa, a ƙara wani sinadarin a sake jira, a zuba na ƙarshe sai ruwan ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. A karanta kaurin launin a na'ura, a duba tebur da ke jikin takardar kayan gwajin a samo lamba. Tana da araha, ba ta buƙatar babbar na'ura, shi ya sa har yau ba ta mutu ba a ƙananan ɗakunan gwaji. Amma kowane mataki nata yana hannun mutum da agogo, kuma idan wuta ta ɗauke ruwan ɗumin ya huce a tsakiyar rabin awar, lambar za ta sauka ba wanda ya lura. Idan AST ya yi yawa launin ba ya bin sawunsa daidai, sai an tsinka jinin an maimaita. Babban abin shi ne ma'auninta: a takardun irin waɗannan kayan, iyakar lafiyayyen mutum ba ta wuce 12 ba.

Ta biyu ita ce kainetik, wadda ƙungiyar masana gwajin asibiti ta duniya, IFCC, ta amince da ita. A nan na'ura ce ke bibiyar yadda wani sinadari mai suna NADH ke raguwa minti bayan minti, zafi yana tsaye a digiri 37. Iyakar sama a nan tana kusa da 40, kuma da irin wannan hanyar aka gina APRI da FIB-4.

Ga yadda ɓarnar ke faruwa. A ce an auna AST da hanyar launi ya fito 20, filatilet 180. Likita ya buɗe manhajar lissafi a wayarsa, manhajar ta riga ta cike gurbin iyakar sama da 40, ya bar shi haka. APRI zai fito 0.28, sai a ce wa bawan Allah lafiyarka ƙalau, ka dawo baɗi. Da an sa 12 da ta dace da hanyar, da 0.93 ya fito, ya wuce layin magani, ya kusa taɓa layin ƙanƙancewa. Jini ɗaya ne, rana ɗaya. Haka ma ALT: ƙa'idar 2024 ta ɗauki 30 ga namiji da 19 ga mace a matsayin iyaka, to namijin da hanyar launi ta ba shi 25 ya ninka iyakar hanyarsa sau biyu, amma a ido yana ƙasa da 30.

APRI dai yana da ƙofar gyara, tunda akwai gurbin iyakar sama. FIB-4, wanda aka fitar a 2006 daga masu ɗauke da HIV tare da ciwon hanta nau'in C, ba shi da wannan ƙofar. Shekaru ake ninkawa da AST, a raba da filatilet da kuma tushen murabba'in ALT, lambobin suna shiga yadda suke. Idan wata hanya ta rage AST da ALT duka zuwa rabi, FIB-4 zai faɗi da kusan kashi 29 cikin ɗari, kuma layukansa na 1.45 da 3.25, ko 1.3 da 2.67 da ake amfani da su ga masu kitsen hanta, ba za su ƙara nufin komai ba. Ra'ayina a nan ba shi da sassauci: kada a lissafa FIB-4 da sakamakon hanyar launi, ko da wasa.

A cikin kainetik ɗin ma akwai rabuwa. AST da ALT ba sa aiki sai da wani nau'i na bitamin B6 da ake kira P5P. Hanyar IFCC cikakkiya tana zuba shi a cikin sinadarin gwaji domin duk abin da ke jinin ya farka a auna shi. Ɗakunan gwaji da yawa suna sayen wadda ba ta da shi, domin ta fi sauƙin kuɗi da sauƙin ajiya. Ga mai ƙoshin lafiya bambancin ba shi da yawa. Ga wanda jikinsa ya rasa B6, kamar mashayin giya, mai wankin ƙoda, ko mai shan isoniyazid na tarin fuka, wadda ba ta da P5P za ta ba da lamba ƙasa da gaskiya, kuma su ne mutanen da aka fi buƙatar sanin halin hantarsu. Wanda zai iya, ya sayi mai P5P. Wanda ba zai iya ba, kainetik marar P5P ta fi hanyar launi nesa ba kusa ba, muddin iyakar da aka buga a takarda ta hanyar ce.

Filatilet ba su da rikicin sinadari irin wannan, nasu na ƙirga ne. Ƙananan na'urori suna ƙirgawa ne bisa girman ƙwaya, don haka gutsattsarin jajayen ƙwayoyi, ko ƙananan jajayen ƙwayoyin mai ƙarancin ƙarfe a jini, na iya shiga lissafin su ɗaga lambar, manyan filatilet kuma su tsallake a rasa su. A wasu mutane filatilet kan dunƙule a cikin kwalbar da ke da EDTA, sinadarin hana jini daskarewa, na'ura ta ce 60 alhali sun kai 200. Maganin wannan gilashi ɗaya ne a ƙarƙashin madubin likita. Sannan a tuna zazzaɓin cizon sauro yana kayar da filatilet, kumburin saifa daga tsutsar tsargiya mai kama hanji yana yin haka ba tare da hanta ta ƙanƙance ba, mai sikila kuma AST ɗinsa na iya hawa daga fashewar jini. APRI ɗin da aka lissafa mutum na kwance da zazzaɓi a jefar da shi, a maimaita bayan ya warke.

Albumin: kore ko shunayya

Albumin furotin ne da hanta kaɗai ke yi, shi ya sa ya shiga Child-Pugh da ALBI, daga baya ma MELD. Ana auna shi da rini iri biyu. BCG, mai kore, shi ya fi yaɗuwa tun farkon shekarun 1970. BCP, mai shunayya, ya biyo baya a 1978.

Ka ɗiga ruwan jini a cikin BCG, nan take ruwan zai juya daga rawaya-rawaya zuwa kore mai duhu. Wannan launin na farko na albumin ne. Ka bar kwalbar a kan tebur, launin zai ci gaba da ƙaruwa a hankali, wannan ƙarin kuwa ba na albumin ba ne, na wasu furotin ne da ake kira gulobulin, waɗanda ke yawaita idan jiki na fama da kumburi ko cuta. Babbar na'ura tana karantawa cikin daƙiƙu kaɗan, kafin baƙin su gama shigowa. Mai aiki da hannu da ya jera kwalabe ya jira minti 5 ko 10 yana karanta albumin ne tare da maƙwabtansa. Abin takaicin shi ne kuskuren ya fi girma a daidai inda ake tsoro, wato ga majinyacin da albumin ɗinsa ya faɗi kuma jikinsa na kumburi. Bambancin giram 4 ko 5 a lita tsakanin BCG da BCP ba baƙon abu ba ne a irin wannan jini, kuma BCG ne ke sama.

A Child-Pugh, albumin sama da 35 maki 1 ne, 28 zuwa 35 maki 2, ƙasa da 28 maki 3. Mutumin da BCG ya ba shi 29, BCP na iya ba shi 25. Idan sauran makinsa 7 ne, zai tashi da 9 a ɗaki ɗaya, 10 a ɗayan: aji B a nan, aji C, mafi muni, a can. Likitan tiyata ba ya kallon ajin nan biyu da ido ɗaya.

ALBI ya fi jin jiki. An fitar da shi a 2015 domin masu kansar hanta, don a kauce wa abubuwan da suka dogara da ganin likita, kamar yawan ruwan ciki da ruɗewar ƙwaƙwalwa. Abu biyu kawai ya rage, bilirubin, sinadarin rawaya da ke kawo shawara, da albumin, kuma kowane giram ɗaya na albumin yana motsa makin da 0.085. Ɗauki bilirubin 20. Da albumin 41 makin zai zama −2.63, mataki na 1, tunda layin yana kan −2.60. Da albumin 37 zai zama −2.29, mataki na 2. An gudu daga son ran likita, an faɗa hannun kalar rini.

To sai a ce kowa ya koma BCP? Akwai abubuwan dubawa. BCP yana rage lamba ga masu wankin ƙoda, saboda wani abu da ke taruwa a jininsu yana hana rinin kama albumin, kuma yakan rage ta a shawara mai tsanani da ta daɗe. Ba ya kama albumin ɗin dabba yadda ya kamata, don haka ruwan daidaita na'ura da na duba inganci dole su zama na jinin mutum, waɗanda suka fi tsada. Akwai kuma maganar tarihi: Child da Turcotte sun fitar da tsarinsu a 1964, Pugh ya gyara shi a 1973, ke nan layukan 28 da 35 sun girmi BCP. Hanyar da ta fi kusa da gaskiya za ta riƙa tura mutane aji mafi muni idan aka gwada ta da layukan da ba don ita aka ja ba. Duk da haka, a asibitin da ke kula da masu ciwon hanta da yawa ni BCP zan zaɓa, domin gara likita ya san albumin 25 ne da a lulluɓe masa shi da 29. Inda BCG ne kawai ake da shi, a karanta da wuri, a tsayar da lokaci ɗaya ga kowane samfur, a rubuta sunan hanyar a takarda. Idan kuma ana kwatanta albumin na jini da na ruwan ciki, don a gane ko hanta ce ta kawo ruwan ko tarin fuka na ciki, a ɗebi duka biyun rana ɗaya a auna da hanya ɗaya, a kuma sani BCG ba shi da tabbas a ruwan da albumin ɗinsa ya yi ƙasa ƙwarai.

MELD da ƙafafunsa uku

MELD ya fito ne daga Asibitin Mayo a Amurka a 2000, kuma tun watan Fabrairun 2002 da shi ake jera masu jiran dashen hanta a can. Turai ta bi sahu, ƙasashen Eurotransplant, ƙungiyar da ke raba sassan jiki don dashe, suka ɗauke shi a ƙarshen 2006. Makin yana tashi daga 6 zuwa 40, wanda ya fi maki shi ake fara ba hanta. Abubuwa uku ne a asalinsa, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne: bilirubin ana ninka logaridim ɗinsa da 3.78, kiriyatinin da 9.57, INR, ma'aunin daskarewar jini, da 11.2. Wannan kaɗai ya nuna inda ya kamata a sa ido.

Bilirubin ba shi da yawan magana. Akwai hanyar diyazo ta Jendrassik da Grof tun 1938, akwai ta banadet, akwai ta enzayim, suna ɗan saɓawa, amma ko da ɗaya ta ce 10 ɗaya ta ce 11, MELD bai motsa da rabin maki ba. Abin da ya fi cutar da shi haske ne: kwalbar da ta yini a bakin taga bilirubin ɗinta na narkewa. Sai kuma ma'auni. MELD na son miligiram, ALBI na son maikuromol, tsakaninsu ninki 17.1, a kiriyatinin kuma 88.4.

Kiriyatinin ma'aunin aikin ƙoda ne, ya shigo ne domin idan hanta ta gaza ƙoda kan biyo ta. Tsohuwar hanyarsa ta Bajamushe Max Jaffe ce, tun 1886: a haɗa shi da sinadarin fikirik mai launin rawaya, ruwan ya juya ja-ja kamar ruwan lemo, na'ura ta auna ƙaruwar launin. Tana da araha ƙwarai. Matsalarta ta faɗo ne daidai kan mai shawara. Ruwan jininsa dama rawaya ne mai duhu saboda bilirubin, kuma a cikin sinadarin gwajin wannan launin yana dusashewa a daidai lokacin da na kiriyatinin ke hawa. Na'ura tana ganin abin da ya rage bayan an cire ɗaya daga ɗaya, sai ta ba da lamba ƙasa da gaskiya. A ɗaya gefen, suga mai yawa, sinadaran kiton da wasu magungunan dangin sefalosforin na iya ɗaga ta. Likitocin asibitin Royal Free da ke Landan sun gwada hanyoyi daban-daban a jinin masu ciwon hanta, suka wallafa a 2007 cewa iya hawan bilirubin iya nisan da ke tsakanin sakamakon, har ya kai ga sauya MELD.

Lissafin a fili yake. Tsakanin kiriyatinin 1.2 da 1.5 akwai maki 2 a MELD. Ga wanda ba ya layin dashe ma abin na da haɗari, domin ƙarin 0.3 cikin kwana biyu shi ne alamar da ake gane ƙoda ta fara rauni, kuma a jini mai tsananin shawara hanyar Jaffe na iya haɗiye wannan ƙarin.

Hanyar enzayim ta fi tsabta, bilirubin bai cika jan ta ba, ko da yake ba ta tsira gaba ɗaya ba. Tsadarta ta ninka ta Jaffe, kuma tana da nata abokan gaba: dofamin, da kuma asetilsistin, maganin da ake ɗura wa wanda farasitamol ya ƙona wa hanta, duka suna sa ta karanta ƙasa, don haka kada a ɗebi jini daga hannun da ake ƙarin ruwan maganin. Ɗakin gwajin da kuɗinsa bai kai ba yana iya raba aiki, Jaffe ga jama'a, enzayim ga duk samfurin da ya zo rawaya. Sharaɗin shi ne majinyaci ɗaya ya zauna a kan hanya ɗaya daga kwanciyarsa har sallama. Akwai kuma abin da babu sinadarin da zai gyara: kiriyatinin daga tsoka yake fitowa, mai ƙanƙancewar hanta kuma tsokarsa ta zube, mata ma tasu ba ta kai ta maza ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa MELD 3.0, da Amurka ta fara aiki da shi a 2023, ya ƙara wa mace maki 1.33 ya kuma shigo da albumin.

INR shi ne mai nauyi, kuma shi ne mafi rauni. Asalinsa gwajin lokacin daskarewar jini ne da Armand Quick ya fito da shi a 1935. Sinadarin da ake zubawa ya daskarar da jinin, turombofilastin, wani daga ƙwaƙwalwar zomo ake yin sa, wani kuma ƙirar ɗakin bincike ne mai kama da na mutum, ƙarfinsu ba ɗaya ba. A 1983 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo INR don a daidaita su: kowane sinadari a ba shi lambar gyara, ISI. Amma da jinin wa aka fitar da lambar gyaran? Da jinin masu shan wafarin, maganin hana daskarewar jini. Wafarin yana rage abubuwan daskarewa huɗu ne da suka dogara da bitamin K. Hantar da ta gaza tana rage waɗannan, ta ƙara da na biyar da fibirinojin, furotin ɗin da ke zama zaren gudan jini, kuma yanayin raguwar ma daban ne. Saboda haka gyaran da ke haɗa kan sinadarai a mai shan wafarin ba ya haɗa su a mai ciwon hanta. A 2004 likitoci a Jami'ar Colorado suka raba jinin masu jiran dashe suka aika ɗakunan gwaji daban-daban, MELD ya dawo da bambanci, kuma INR ne ya jawo mafi yawansa. Tsakanin INR 1.5 da 2.0 akwai maki 3 da ɗoriya. A layin da ake mutuwa ana jira, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma yana nufin adireshin ɗakin gwaji na iya sa wani ya tsallake wani.

An nemi mafita. A 2007 Armando Tripodi da abokan aikinsa a Milan suka nuna idan aka fitar da ISI da jinin masu ciwon hanta, saɓanin yana raguwa ƙwarai, amma tsarin bai yaɗu ba. Ƙasashen arewacin Turai kuma suna amfani da hanyar Paul Owren ɗan ƙasar Norwe, wadda ke zuba abu na biyar da fibirinojin a cikin sinadarin tun farko, don haka ba ta ganin ƙarancinsu, INR ɗinta a mai ciwon hanta yakan fito ƙasa da na Quick. A nan ba zan iya ce maka sayi wannan ka bar wancan ba, domin babu wanda aka daidaita don hanta. Abin da ke hannunmu shi ne kada a sauya sinadari ba sanarwa, a sabunta ISI da matsakaicin lokacin lafiyayyu duk sanda aka buɗe sabon rukuni, a cika kwalba mai shuɗin murfi har layinta domin jini kashi 9 ne sitiret, ruwan hana daskarewa da ke cikinta, kashi 1. Kwalbar da aka cika rabi INR ɗinta zai hau ba dalili. Ƙananan na'urorin da ake ɗiga wa jinin yatsa don masu wafarin aka yi su, kada a gina MELD a kansu. Kuma tunda maganar ta zo, hawan INR a mai ƙanƙancewar hanta ba ya nufin jininsa zai zuba, domin abubuwan hana daskarewa ma hanta ce ke yin su, su ma sun ragu. Ana ɓarnar jakunkunan ruwan jini da yawa wajen ƙoƙarin gyara lambar da ba ita ce matsalar ba.

Sodiyam ya shiga MELD a Amurka a 2016. Babbar na'ura da tsohuwar mai harshen wuta suna tsinka jini kafin su auna, bisa zaton furotin da kitse suna daidai. Idan furotin ya faɗi sai su karanta sama da gaskiya, idan kitse ya cika jini, kamar a toshewar hanyar bilirubin da ta daɗe, sai su karanta ƙasa. Na'urar gwajin iskar jini ba ta tsinkawa, ita za a nema idan lambar ta saɓa wa yanayin majinyaci.

Inda za a sa kuɗin, da makin da za a riƙe

Ga ɗakin gwaji a garin da aikinsa ciwon hanta nau'in B ne da masu kumburin ciki, ba dashe ba, jerin a wurina haka yake. Kuɗin farko ya tafi wajen barin hanyar launi a koma kainetik, ko da ƙaramar na'ura ce mai aiki da batir da hasken rana, domin wannan ne ke yanke hukuncin magani ga mutane mafi yawa. Na biyu kiriyatinin na enzayim don masu shawara. Na uku BCP. Cibiyar da ke shirya mutane zuwa dashe kuwa ta juya jerin, ta fara da INR da kiriyatinin. Duk wanda zai sauya hanya ya auna samfura kamar 40 da tsohuwar da sabuwar tare, daga ƙananan lambobi zuwa manya, ya ga girman tazarar, ya sanar da likitoci ranar da sauyin ya fara. Buga sunan hanya da iyakarta a ƙasan kowane sakamako ba ya cin ko sisi.

Ga likita, zaɓen maki ya bi abin da ɗakin gwajinsa ke iya yi da kyau. Idan ba ka san yadda aka auna AST ba, APRI da iyakar da ke jikin takardar ya fi FIB-4 aminci. Idan albumin na BCG ne da hannu, kada ka jingina da ALBI shi kaɗai, Child-Pugh ya fi jurewa domin albumin ɗaya ne cikin biyar a cikinsa, kuma biyu daga ciki da idonka da hannunka kake samo su. Idan majinyaci rawaya ne sosai kuma Jaffe ce hanyar, ka ɗauka ƙodarsa ta fi abin da takarda ta faɗa rauni, ka bi fitsarinsa.

Ga majinyaci da danginsa, ku zaɓi ɗakin gwaji ɗaya ku zauna a kansa, ko da wani ya fi kusa da gida a wata ranar. Ku adana takardun asali, kada ku kwafe lambobi a littafi ku bar iyakokin da ke gefensu. Kuna da haƙƙin tambayar ma'aikaci, malam, wace hanya kuke bi wajen AST, kuma mene ne iyakarku? Masu tafiya Indiya ko Masar neman dashe su sani za a sake duk gwaje-gwajen a can, kuma idan MELD ya fito da bambancin maki 2 ko 3 daga na gida, ba lallai ne ciwon ya motsa a jirgi ba. Idan dole ta sa aka sauya wuri, a ɗauki sakamakon farko na sabon wurin a matsayin sabon mafari, kada a kwatanta shi kai tsaye da na baya. In kuma makin ya faɗo dab da layi, APRI 0.45 ko 0.55, Child-Pugh 6 ko 7, a sake ɗibar jini bayan 'yan makonni a wuri ɗaya, lokacin da babu zazzaɓi, kafin a fara maganin da za a daɗe ana sha ko a hana mutum shi.